Zare: Tarihin Maiƙon da Ke Kunna Ƙwayoyin Gadon Fangas, da Dalilin da Ya Sa Magani Ke Daina Ci

1/
Zaren yau dogo ne, a gyara zama 🧵

Tarihin wani maiƙo zan kawo, wanda ido ba ya ganinsa, amma shi mafi yawan magungunan ƙyasfi, makero, amosani da wani nau'in ciwon sanyi na mata ke yaƙa. Labarin ya faro daga Faransa a 1889, ya biyo ta asibitocin masu ƙanjamau, ya faɗa gonakin fure a ƙasar Holan. A ciki akwai amsar tambayar nan: me ke sa magani ya daina ci?

2/
Mu fara da kalmomi, don kada wani ya ɓata a hanya.

Fangas shi ne dangin funfunar da ke fitowa a kan burodin da ya kwana biyu, da yis ɗin da ake kwaɓa fanke da shi, da laimar kwaɗi. Daban yake da bakteriya, shi ya sa amoksisilin ba ya yi masa komai. Abin mamaki, a halitta fangas ya fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. Nan wahalar take: abin da zai kashe shi, sau da yawa mu ma zai taɓa mu.

3/
Jikinmu da nasa duk an gina su da ƙananan ɗakuna da ake kira sel. Kowane sel yana lulluɓe da wani siririn tantani na maiƙo. A cikin tantanin akwai wani maiƙo na musamman da ke riƙe shi, kada ya yi tauri, kada ya yi ruwa.

Namu sunansa kolestarol. Na fangas sunansa argostarol. Kamar wa da ƙani suke, amma akwai ɗan bambanci. A kan wannan ɗan bambancin likitanci ya dogara shekara 70 da ɗoriya.

4/
Saura kalma biyu. Inzayim shi ne ma'aikacin cikin sel, kowanne da aikinsa guda. Ƙwayar gado kuma ita ce rubutaccen umarnin da ke cikin DNA na yadda za a ƙera wannan ma'aikaci.

Fangas na buƙatar inzayim sama da 20, a jere kamar masu miƙa bulo, kafin ya haɗa argostarol. To wa ke gaya masa yau a ƙara ma'aikata, gobe a rage? Ku riƙe tambayar nan, ita ce zaren gaba ɗaya.

5/
A Turai ta da, akwai wani hatsi dangin alkama da ake kira rayi. Wani fangas kan kama zangarniyarsa, ya fito kamar baƙin ƙaho. Faransawa na ce masa argo. Waɗanda suka ci burodinsa sai yatsu su ruɓe, wasu su yi ta fizge-fizge. Annoba ce da ta daɗe tana kashe talakawa.

A 1889 wani mai haɗa magani Bafaranshe, Charles Tanret, ya tace wani maiƙo daga cikin wannan baƙin ƙaho. Daga sunan argo aka samo argostarol.

6/
Shekaru kusan 40 babu wanda ya damu da shi sosai. Da ya yi suna ma, ta wata hanyar ce daban: wajen 1927 aka gano idan aka haska masa hasken da ake kira ultrabayolet, yana komawa bitamin D. Adolf Windaus na Jamus ya karɓi kyautar Nobel a 1928 kan binciken irin waɗannan maiƙo.

Wato an fara sanin argostarol a matsayin maganin ciwon ƙashi na yara, tun kafin a san shi ne lagon fangas.

7/
Sai 1933. Rudolf Schoenheimer da Fritz Breusch suka saka ɓeraye cikin kwalabe, suna auna duk kolestarol ɗin da ya shiga jikinsu da wanda ya fita.

Suka ga idan an ba ɓera abinci maras kolestarol, jikinsa ya ƙera da yawa. Idan an cika masa a abinci, ya rage ƙerawa. Ashe jiki na auna maiƙonsa. Ta yaya? A lokacin babu kayan aikin da za a bi sawu. A shekarar ma Schoenheimer ya bar Jamus saboda mulkin 'yan Nazi.

8/
A 1953 wasu masu bincike biyu a Amurka, Andreasen da Stier, suka gano wani abu da zai dawo mana can gaba. Yis ba ya iya ci gaba da girma inda babu iskar oksijin sam, sai an zuba masa argostarol daga waje.

Dalili: haɗa argostarol na cin oksijin sosai. Kowane guda ɗaya sai ya lashe 12. Ba iska, ba maiƙo. Ba maiƙo, ba sabon tantani. Ku ajiye wannan a aljihu.

9/
A 1961 kuma François Jacob da Jacques Monod a Faris suka nuna cewa ƙwayoyin gado suna da makunni. A bakteriyar da suka yi aiki da ita, umarnin narkar da sukarin madara a kashe yake, sai sukarin ya zo ake kunna shi.

Wannan ya canza tunanin kowa. Samun umarni a rubuce abu ɗaya ne, sau nawa ake karanta shi kuma wani abu ne daban. Sun samu Nobel a 1965.

10/
Yanzu mu leƙa ɓangaren magani.

Bayan yaƙin duniya na biyu fenisilin ya wadata, ana ta warkar da cututtukan bakteriya. Na fangas kuwa kusan hannu rabbana. Sai wasu mata biyu da ke aiki da hukumar lafiya ta jihar New York suka sa kansu: Elizabeth Hazen tana tattara ƙasa tana rainon ƙwayoyin cikinta, ta aika a kwalba ta gidan waya zuwa Albany, Rachel Brown ta tace.

11/
A 1950 suka sanar da maganin da suka samu daga ƙasar wata gona a Virginia. Suka raɗa masa suna nistatin, don girmama jihar da suke wa aiki. Kuɗin da ya shigo ta dalilinsa, kimanin dala miliyan 13, ba su ci ba, sun mayar ga bincike da karatu.

Har yau shi ake ɗiga wa jarirai idan farin abu kamar kindirmo ya fito musu a harshe.

12/
A 1955 aka samu ƙaninsa mai ƙarfi, amfoterisin B, daga ƙasar yankin kogin Orinoko a Benezuwela. Zuwa farkon shekarun 1960 an fahimci aikinsu: suna cafke argostarol ne kai tsaye, tantanin ya huje, sel ɗin ya tsiyaye ya mutu.

Matsalar ita ce amfoterisin kan ɗan cafki kolestarol ɗinmu shi ma. Zazzaɓi, rawar ɗari, lalacewar ƙoda. Yana ceton rai, amma da wuya.

13/
Sai aka sauya dabara. Maimakon a kai wa maiƙon hari, a tare masu ƙera shi.

A 1969 kamfanin Bayer ya fito da kulotirimazol, Janssen na Beljiyam ya fito da mikonazol. Ketokonazol ya samu izini a Amurka a 1981, shi ne yau a cikin sabulun wanke kai na amosani. Fulkonazol, wanda aka ƙirƙiro a ɗakin binciken Pfizer a Ingila, ya biyo baya a 1990. Duk maganin fangas da sunansa ya ƙare da "azol" ɗan gidan nan ne.

14/
Dukkansu ma'aikaci ɗaya suke shaƙewa a layin masu miƙa bulon nan. A yis ana kiransa Erg11, a funfuna Cyp51. Hugo Vanden Bossche da abokan aikinsa a Janssen ne suka yi fice wajen nuna haka.

Idan aka shaƙe shi, argostarol ya ragu, wani gurɓataccen maiƙo ya taru a madadinsa, fangas ya kasa girma.

15/
A lura da kyau: ya kasa girma na ce. Ga fangas irin Candida, fulkonazol tsayar da shi yake yi, garkuwar jikinka ce ke ƙarasa aikin.

Mu a aji layi ɗaya ake ba mu: azol na toshe Erg11. Mu haddace, mu zuba a jarrabawa, shi ke nan. Amma ainihin daɗin labarin yana cikin abin da fangas ɗin ke yi bayan an toshe shi. Ai ba zama yake ya naɗe hannu ba.

16/
Ƙanjamau ce ta tona asirin. Daga 1981 asibitoci suka cika da mutanen da garkuwarsu ta rushe. Candida, wanda ke zaune lafiya a bakin mutane da hanjinsu, sai ya mamaye baki da maƙogwaro har mutum ya kasa haɗiyar abinci.

Da fulkonazol ya zo, kamar an yi ruwa bayan fari. Ƙwaya ce, a sha da ruwa, ba wahalar ƙoda. Aka riƙa ba mutane wata da watanni. Cikin 'yan shekaru ya fara ƙin ci.

17/
A 1997 Theodore White a Seattle ya yi nazarin samfura 17 na Candida albicans, duk daga bakin mutum ɗaya mai ƙanjamau, an ɗebe su cikin shekara biyu. Ciwon na dawowa, ana ƙara masa yawan magani.

Daga samfurin farko zuwa na ƙarshe, adadin maganin da ake buƙata don tsayar da fangas ɗin ya ninka fiye da sau 200. Mutum ɗaya fa. Shekara biyu.

18/
Da ya duba ciki, ya ga canje-canjen mataki-mataki suka zo. An ƙara kunna ƙwayoyin gadon wasu famfuna da ke tofar da magani waje. Ita kanta ƙwayar gadon inzayim ɗin da ake shaƙewa an ƙara mata wuta, ana ƙera shi fiye da ƙima.

Lissafin a fili yake. Ka kawo ɗan sanda goma su kama ma'aikaci goma, sai masana'antar ta ɗauki hamsin.

19/
A 2000 wani rukuni a Philadelphia ya nuna cewa ko Candida na yau da kullum, wanda bai taɓa ganin magani ba, da an zuba masa azol sai ya ƙara kunna ƙwayoyin gadon haɗa argostarol cikin 'yan sa'o'i. Ko da wani ma'aikacin daban aka shaƙe a layin, haka yake yi.

Ma'ana ba maganin yake ganewa ba. Raguwar maiƙon yake ji. Irin abin da ɓerayen 1933 suka nuna.

20/
Kun san tankin ruwa mai na'urar da ke kunna sumo da kanta? Ruwa ya yi ƙasa, ƙwallon da ke yawo a sama ya sauka, sumo ya tashi. Tanki ya cika, ƙwallon ya hau, sumo ya mutu.

To haka ake zaton akwai a cikin sel. Argostarol ne ruwan, inzayim ne sumo. Abin da ya rage a gano shi ne ƙwallon.

21/
A jikin ɗan Adam aka fara ganin ƙwallon. Michael Brown da Joseph Goldstein na Dallas, waɗanda suka riga suka ci Nobel a 1985 kan kolestarol, sun gano wani furotin a 1993 mai suna SREBP.

Yana ɗaure a jikin wani tantani cikin sel. Kolestarol ya wadata, yana nan a ɗaure. Ya ragu, sai a yanke igiyar, kansa ya wuce ɗakin da DNA take, ya kunna umarnin ƙera maiƙo da na jawo shi daga jini.

22/
Wannan ne ma sirrin magungunan rage kolestarol da iyayenmu ke sha, dangin sitatin. Suna rage ƙerawa a hanta, makunnin ya tashi, hanta ta shiga zuƙe kolestarol daga jini. A nan makunnin taimakonmu yake.

Kuma na farkonsu daga funfuna Akira Endo na Japan ya samo shi, a farkon shekarun 1970. Duniya kenan.

23/
Saura fangas. A 2005 Peter Espenshade da ɗalibansa a jami'ar Johns Hopkins suka samu irin wannan makunnin a wani yis mai suna Schizosaccharomyces pombe. Kalmar pombe Suwahili ce, tana nufin giya, don daga giyar gero ta gabashin Afirka aka fara ware shi a 1893.

Suka kira makunnin Sre1. Amma abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne amfanin da yis ɗin ke yi da shi.

24/
Ku ciro abin da na ce a sa a aljihu: haɗa argostarol na cin oksijin.

Idan iska ta yi ƙaranci, maiƙon ne ke fara raguwa. Sre1 ya ji, ya tashi, ya kunna umarnin ƙera maiƙo tare da sauran umarnin rayuwa a ƙarancin iska. Wato yis na amfani da maiƙonsa a matsayin ma'aunin iska. Ba shi da hanci, ba shi da huhu, amma ya san an toshe ɗaki.

25/
Me ya haɗa wannan da cuta? Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce. A cikin tsokar jiki ya ragu sosai. A wurin da ya kumbura ya yi mugunya, inda jini ba ya kaiwa, ya kusa ƙarewa.

Duk fangas ɗin da zai rayu a cikin mutum dole ya iya zama a irin wannan matsi. Wanda makunninsa ba ya aiki, ya shiga uku.

26/
Aka gwada a Cryptococcus neoformans, fangas ɗin da ake samu a busasshen kashin tattabaru, wanda ke jawo sanƙarau ga masu ƙanjamau da ta yi nisa.

A 2007 rukuni biyu a Amurka, na June Kwon-Chung da na Hiten Madhani, kowa ya cire masa Sre1. Sakamako: ya kasa girma a ƙarancin iska, ɗan azol kaɗan ya ishe shi, kuma ƙarfinsa na cutar da ɓeraye ya faɗi warwas.

27/
Kada wani ya ɗauka wannan ciwon na littafi ne. Ƙiyasin shekarar 2020 ya nuna mutum kimanin 152,000 sun kamu da sanƙarau na Cryptococcus a duniya, kimanin 112,000 sun rasu. Kusan kashi 19 cikin ɗari na mace-macen da ke da alaƙa da ƙanjamau kenan. Mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara.

Nahiyarmu ce ke ɗauke da kayan.

28/
A 2008 Robert Cramer da mutanensa a Montana suka yi irin wannan ga Aspergillus fumigatus. Funfuna ce ta juji da ruɓaɓɓen ganye, kullum muna shaƙar ɗaruruwan ƙurarta ba tare da komai ya same mu ba. Waɗanda take kamawa su ne masu shan maganin kansa, waɗanda aka yi wa dashen gaɓa, da waɗanda tarin fuka ya bar wa rami a huhu.

29/
Nata makunnin sunansa SrbA. Da aka cire shi, funfunar ta kasa girma a oksijin kashi 1 cikin ɗari, ta kusa daina kashe ɓeraye.

Ga wanda ya fi ba ni mamaki: a al'ada fulkonazol ba ya cin Aspergillus ko kaɗan, likitoci ba sa ma ɓata lokaci. Amma da aka cire makunnin nan guda ɗaya, sai ga fulkonazol yana cin ta. Ashe taurin kan nata a makunnin yake.

30/
Candida kuma nasa ƙwallon daban ne, sunansa Upc2. An fara ganinsa a yis ɗin burodi, sannan a 2004 ɗakin binciken White ya nuna Candida albicans da aka cire wa shi ba ya jure azol.

A 2015 masu bincike a Koriya ta Kudu suka fitar da siffar na yis. Yana da wani aljihu da argostarol ke shiga daidai wa daida, kamar makulli a kwaɗo.

31/
Ga yadda abin yake:

Maiƙo ya wadata → guda ya zauna a aljihun Upc2 → Upc2 ya tsaya a waje, bai shiga ɗakin DNA ba.

Maiƙo ya ragu → aljihu ya zama fayau → Upc2 ya shige ciki, ya hau kan umarnin ERG11 da 'yan'uwansa → a ƙera sababbin inzayim.

Kun gani? Maiƙon da kansa ke riƙe da linzamin masu ƙera shi. Wannan ce amsar tambayar lamba 4.

32/
To idan ƙwallon tankin ya maƙale a ƙasa fa? Sumo ba zai sake mutuwa ba.

A 2008 rukunin Joachim Morschhäuser a Jamus da David Rogers a Amurka suka samu haka a Candida da aka ɗebo daga jikin majiyyaci. Canji guda tak a Upc2, ana kiransa G648D, ya sa makunnin a kunne dare da rana. Inzayim ya yi yawa, fulkonazol ya rage ci.

33/
A nan a kula, don mutane kan ce "jikina ya saba da maganin". Jikinka bai saba da komai ba.

Fangas miliyoyi ne. Lokaci-lokaci wani kan fito da kuskure a DNA, haka kawai. Idan babu magani, mai makunni a maƙale asarar ƙarfi yake yi. Idan akwai magani kaɗan-kaɗan na dogon lokaci, sauran sun tsaya, shi yana hayayyafa. Wata rana ka duba, jikokinsa ne suka cika gidan.

34/
Yanzu mu tafi Holan, inda labarin ya juya.

Daga ƙarshen shekarun 1990 likitoci a garin Nijmegen, ƙarƙashin Paul Verweij, suka fara ganin Aspergillus da azol ba ya ci. Abin da ya ɗaure musu kai: da yawa cikin majiyyatan ba su taɓa shan azol ba a rayuwarsu. Kuma kusan duk samfuran canji iri ɗaya ne da su. Wannan funfunar ba ta saba tsallakawa daga mutum zuwa mutum ba. To daga ina?

35/
Daga waje. Aka same ta a ƙasar lambu, a taki, a tarin ɓawon albasar fure da manoman tulif ke zubarwa.

Manoma ma azol suke fesawa, don kare alkama, inabi da fure daga funfuna. Binciken 2012 ya nuna biyar daga cikin magungunan gonar nan sun yi kama ƙwarai da na asibiti, kuma an ba su izini a Holan tsakanin 1990 da 1996. Jim kaɗan kafin matsalar ta ɓulla a asibiti.

36/
Canjin sunansa TR34/L98H, kuma kashi biyu ne. L98H ɗan sauyi ne a jikin inzayim ɗin kansa, ya sa magani ba ya kama shi da kyau. TR34 kuma wasu haruffa 34 ne na DNA da suka maimaitu sau biyu, a daidai bakin umarnin cyp51A.

Emilia Mellado a Madrid ta nuna a 2007 cewa wannan maimaicin na iya ninka karanta umarnin har kusan sau 8.

37/
Me ke cikin haruffa 34 ɗin nan? Sai a 2016 rukunin Michael Bromley a Manchester ya ba da amsa: wurin zaman SrbA ne.

Makunnin nan dai mai jin raguwar maiƙo. Wurin zaman da yake da shi a bakin umarnin, yanzu an ninka masa. Funfunar ba ta ƙirƙiro sabon makami ba, tsohon tsarinta na auna maiƙo ta ƙara wa murya. Feshin gona ya tace masu wannan canjin, iska ta kwaso ƙurarsu zuwa huhun marasa lafiya.

38/
Iska kuwa ba ta neman biza. An samu wannan nau'in a Indiya, a Sin, a Amurka, an same shi a cikin ƙasa a Tanzaniya a 2014. Wani ƙaninsa, TR46, ya ɓulla a Holan a 2009, shi ma ya bazu.

Ga kuma Candida auris, da aka fara bayyanawa a Japan a 2009 daga kunnen wata majiyyaciya. Mafi yawan samfuransa fulkonazol ba ya cin su. An ba da rahotonsa a Najeriya a 2022.

39/
A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerinta na farko na fangas masu barazana, guda 19. Huɗu ne a sahun gaba: Cryptococcus neoformans, Candida auris, Aspergillus fumigatus, Candida albicans.

Duk huɗun kun ci karo da su a zaren nan. Kuma manyan gidajen maganin da ake da su na cutar da ta shiga jini ko huhu ba su wuce huɗu ba. Biyu a ciki argostarol suka dogara da shi.

40/
Akwai labari mai daɗi. Amfoterisin ɗin nan mai cin ƙoda, an koyi naɗe shi cikin ƙananan ƙwallaye na maiƙo, sai illarsa ta ragu sosai. Wani babban gwaji a Botswana, Malawi, Afirka ta Kudu, Yuganda da Zimbabuwe ya nuna allura ɗaya mai ƙarfi, haɗe da ƙwayoyin sha na mako biyu, ta wadatar a farkon jinyar sanƙarau ɗin. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi tsarin.

41/
Kuma tun da aka gane ƙwallon tankin, masu bincike na neman maganin da zai danne shi. Tunanin shi ne a haɗa biyu: azol ya shaƙe ma'aikaci, ɗayan ya hana sel jin cewa maiƙo ya ragu. Gwajin ɓerayen 2007 da 2008 ne ya buɗe wannan ƙofa.

Amma sabon magani kan ci shekara goma ko fiye kafin ya iso kemis. Kafin nan waɗanda ke hannu su ne jarinmu.

42/
To mu ina ruwanmu? Ga shi.

Ku duba bayan kwalin mayukan nan masu haɗi uku da ake sayarwa a kowane lungu. Za ku ga azol, da maganin bakteriya, da sitiroyid mai ƙarfi. Wasu don ƙuraje suke shafawa, wasu don bilicin, wata da watanni. Sitiroyid na kwantar da ƙaiƙayi, yana kuma raunana garkuwar fata. Ka ga kamar ka warke, ka daina, abin ya dawo, ka sake shafawa.

43/
Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. Wani nau'in makero ya ɓulla can, aka ba shi suna Trichophyton indotineae a 2020. Yana mamaye jiki, maganin tabinafin ba ya cin da yawa daga cikinsa. Canjin nasa a wani inzayim ne na farkon layin haɗa argostarol. Likitocin fata na can sun danganta yaɗuwarsa da irin waɗannan mayuka. Yanzu ya kai Turai da Amurka.

44/
'Yan'uwa mata, da girmamawa: ba kowane "sanyi" ne fangas ba. Wani bakteriya ne, wani wata ƙwayar ce daban, kuma fulkonazol ba ya musu komai. Shan ƙwaya ɗaya duk wata daga kemis ba tare da gwaji ba, in ciwon na dawowa, shi ne ainihin "kaɗan-kaɗan na dogon lokaci" da na faɗa a lamba 33. A je a yi gwaji. Mai juna biyu kuma kada ta sha sai likita ya ce.

45/
Masu noma a cikinmu, ko masu taya iyaye: wasu magungunan feshi da hodar da ake cuɗa iri da ita kafin shuka suna ɗauke da azol, sunan na nan a jikin leda. Ba cewa na yi a daina ba, amfanin gona ma rai ne. A bi ma'aunin da aka rubuta, kada a fesa don kawai an saba, a rufe hanci wajen juya taki.

46/
Idan likita ya ce a shafa mako huɗu, a cika huɗun ko da tabon ya ɓace a na biyu. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau ya riƙe maganinsa da kyau, ciwon kai mai naci kuma a garzaya asibiti, akwai gwajin jini mai sauƙi na Cryptococcus. Wanda ya gama maganin tarin fuka amma tari da jini bai tsaya ba, ya tambayi likita batun Aspergillus.

47/
Daga Tanret a 1889 zuwa binciken Manchester a 2016, shekara 127 aka ɗauka kafin a fahimci cewa maiƙon da ake yaƙa shi ne kuma ke ba da umarnin ƙaro ma'aikata. Tsakanin shigowar azol ɗin nan biyar gonakin Holan da bayyanar matsalar a asibiti kuwa, ko shekara goma ba a yi ba.

A tura wa mai shafa man nan, a tura wa mai kemis na unguwa. Masu tambaya su ajiye a ƙasa, zan bi su bayan lakca. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya 🤲🏾